Randar Tagullar Chardin

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na ɗora tulu da ludayi da albasa biyu a kan benci, na ce wa yaran da nake koya wa zane su zana abin da ke gabansu. Wata yarinya ta tura baki ta ce, "Malam, kayan madafa za mu zana? Ni doki nake so." Sai na ciro waya na nuna mata wani ɗan ƙaramin zane da aka yi a Paris wajen shekarar 1734.

Randa ce ta tagulla mai famfo a jiki, tana zaune a kan ƙafafun katako. A ƙarƙashin famfon akwai bokiti, a gefe ga tulu, ga kuma moɗa mai dogon hannu. Shi ke nan. Tsawon zanen bai kai santimita 30 ba. Amma in ka ƙura wa cikin randar ido za ka ga inda haske ya kwanta, da inda tagullar ta yi duhu don yawan taɓawa. Ni duk lokacin da na dube shi sai randar kakata ta faɗo mini a rai, wadda ke ƙarƙashin rumfa, da sanyin da hannu ke ji in an taɓa ta da tsakar rana.

Wanda ya zana shi Jean-Siméon Chardin ne (Shardan ake furtawa). An haife shi a Paris a 1699, ɗan kafinta ne, kuma kusan duk rayuwarsa bai bar garin ba. Ko Italiya da masu zanen zamaninsa ke rububin zuwa neman ilimi, shi bai taka ba. A lokacin, majalisar masu zane ta sarkin Faransa ta jera aikin hawa-hawa: mai zana tarihi da labaran addini shi ne a sama, mai zana tukwane da 'ya'yan itace shi ne a can ƙasa. A wannan ƙasan aka karɓi Chardin a 1728, da zane biyu. Ɗaya daga ciki na wani kifin teku ne mai faɗi kamar faifai, an farke cikinsa an rataye shi a ƙugiya, ga jini ga hanji a waje, ga kyanwa ta gantsare tana taka kawa (irin dodon koɗin teku da ake ci), ga wuƙa a bakin tebur kamar za ta faɗo. Abin da wani zai kau da kai daga gare shi, shi ya zauna ya bi launinsa ɗaya bayan ɗaya, ja da shuɗi da fari.

A hankali yake aiki, kuma ba ya son a tsaya a kansa yana yi. Wani marubucin Faransa na zamaninsa, Diderot, ya lura cewa in ka matso kusa da zanensa komai sai ya dagule, in ka ja da baya sai komai ya koma mazauninsa. Na gwada da hotunan da na buga a takarda, haka ne kuwa.

Bayan rasuwarsa a 1779 an ɗan manta da shi, sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka sake waiwayarsa. A 1869 wani likita mai tara zane, La Caze, ya bar wa gidan tarihi na Louvre da ke Paris tarin ayyukan Chardin, har da randar nan, matasa suka samu inda za su je su tsaya. Manyan masu zane da suka zo bayansa sun ɗauki darasi a wurinsa. Manet ya zana yaro yana hura kumfar sabulu a 1867, yana bin sawun wanda Chardin ya yi. Matisse yana ɗalibi ya daɗe a Louvre yana kwaikwayon zanen kifin. Soutine ma ya maimaita kifin sau da yawa a shekarun 1920, nasa ya fi zafi da jini. Tuffa da tulun Cézanne kuwa, duk wanda ya san Chardin zai ga dangantakar. Amma wanda ya fi shiga raina shi ne Giorgio Morandi na Bolonya a Italiya, wanda ya ƙare rayuwarsa yana jera kwalabe da gwangwanaye a ɗakinsa yana zanawa. Shi ma ba matafiyi ba ne, yawancin sanin da ya yi wa Chardin a littattafai ne. Wannan yana ƙarfafa mini gwiwa, don ni ma ban taɓa zuwa Louvre ba.

Kowannensu da hannunsa daban. Abin da suka gada daga wurin Chardin, a ganina, shi ne zama gaban abu ɗaya da haƙuri, har sai ido ya daina cewa "ai na san tulu" ya fara ganin wannan tulun da ke nan.

Da tsufa ya zo wa Chardin idonsa ya raunana, fentin mai ya gagare shi, ya koma amfani da alli mai launi. A 1775 ya zana kansa da tabarau, da ƙyalle ɗaure a ka, da wata 'yar inuwa da ya maƙala a goshi don kare idonsa daga haske. Yana da shekara 75 a lokacin, ɗansa ya rasu a Venis ta Italiya shekara uku kafin nan. Fuskar nan tana ba ni tausayi ƙwarai.

Na ba yaran labarin zanensa na kwandon sitiroberi na 1761 da aka sayar a 2022 a kan Yuro miliyan 24 da ɗoriya, suka yi ta salati. Yarinyar nan dai ba ta ce uffan ba. Ta jawo kujerarta kusa da bencin, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni me ya sa inuwar albasar take da ɗan ja-ja a gefe. Na ce ta zana shi yadda ta gani.