Kawu ya zo daga Legas, mun wuni bakin gulbi

Yau Asabar ban leƙa shago ba sam, yaro na bar wa makulli. Kawu ne ya sauka daren jiya daga Legas, mota ta gama jijjiga shi duk ya yi laushi, amma ana sallame asuba ya ce shi fa sai ya ga gulbi kafin ya ga kowa. Inna tana ta faɗa wai mutum ko koko bai sha ba zai nufi bakin ruwa sai ka ce ba daga ruwan ya fito ba, shi ko dariya kawai ya yi ya ce Yaya ki aje man nawa ina dawowa. Muka hau mashin mu uku har da ƙanena, wanda dama shi ne dalilin zuwan, tun da ya gama sakandare ya ɗaga wa kowa hankali a gida sai ya bi Kawu sana'arsa ta kamun kifi a Legas.

Kwalkwalawa muka nufa, bakin gulbin Rima. Ruwa ya ja sosai yanzu, masu fadama sun fara dashen albasa, kwalekwale na ɗaure gefe, wasu masunta biyu suna ta ɓanɓaro kifi daga kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa, yawanci karfasa ne da ƴan kurungu sai tarwaɗa jefi-jefi. Kawu ya gaisa da su ya tsuguna ya daɗe yana kallon ruwan, can ya juyo ya ce wa ƙanena, kai yaro taho nan, in na ba ka jirgin ga yanzu ina za ka sa shi ruwa, kuma ina za ka nuhwa? Yaron bai yi wata-wata ba ya nuna inda gaɓa ta kwanta babu laka, ya ce nan zai tura, sannan ya gangara ƙasan kwana inda ruwa ya ci gaɓa ya yi gurbi, can kifi ke taruwa in gulbi ya ja. Har ɗaya daga cikin masuntan ya ce awo, yaron ga ya sani. Ni ma na ji daɗi wallahi.

Kawu ya ce amsa ta yi daidai, nan Rima wannan amsar za ta kai ka wata guda ko fi, amma can inda yake awa shida kawai take yi ta lalace.

Daga nan ne ya ɗauki kara ya fara zane a yashi, ni kuma na nemi wuri na zauna don na san zance zai yi tsawo. Ya zana teku, ya zana lagun ɗin Legas a bayanta, wato babban tafkin nan da ke haɗe da teku, da ƴar hanyar da ta haɗa su ta wajen tashar jiragen Apapa. Ya ce ta nan ruwan gishiri ke shigowa ya koma, sau biyu ya cika sau biyu ya ja a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke matsawa da kusan minti 50. In yau ƙarfe shida ya cika gobe sai wajen bakwai saura. Kuma wata ne ke jan ragamar abin, in wata ya tsaya ko ya kai sha huɗu cikar tafi yawa janyewar ma tafi yawa, in ya raba tsakiya ruwan sai ya yi sanyin jiki. Ya ce shi lissafin watan Musulunci da muke yi don azumi da salla da shi yake cin abinci can, yaran yanzu kuma a waya suke duba jadawalin.

Ƙanena ya ce to Kawu ai ba wani abu ba ne, in ya cika sai ka tura jirgi ka tafi. Kawu ya harare shi ya ce dawowar fa? Wannan wurin ne na fi jin daɗin bayanin gaskiya, don ni ko a mafarki ban taɓa kawo shi ba. Tashin ruwan Legas bai cika wuce mita ɗaya ba, amma lagun ɗin yawancinsa ba zurfi, to mita ɗayan nan in ya janye sai ya bar maka fili guda na baƙar laka tsakaninka da tudu. Ka fita da hantsi ruwa na lasar gindin gaɓa, ka dawo da rana da kifi cike da jirgi ka tarar mashigar ta koma can nesa, jirgi ya kafe, laka har cinya, ga rana na dukan kifin ga matan da ke sari suna tsaye suna kallonka, in ka jima su saya wajen wani. Don haka shi kafin ya zaɓi inda zai sa jirgi sai ya fara lissafa ƙarfe nawa zai dawo da yadda wurin zai kasance lokacin, wani sa'in ma ya gwammace ya tura daga wuri mai nisa ya ƙona mai a inji in dai ƙasan yashi ne mai tauri kuma ruwa ba ya ƙarewa wurin.

Sai iska. Ya ce da safe ruwan kwance yake luf, amma in rana ta take iskar teku na tasowa daga kudu maso yamma ta tada igiya, ƙaramin jirgi mai kaya in ya ba ta gefe an gama. Ga kainuwa kuma, irin mai furen nan da ta mamaye ruwan Legas tun wajen 1984, in damina ta yi nisa kogin Ogun ya turo ruwan daɗi sai ta taho dami-dami ta toshe mashiga cikin dare ɗaya ta naɗe farfelar inji, sai rani gishiri ya ƙaru take mutuwa. Bakin teku kuwa inda manyan jiragen katako ke keta igiya su fita, ya ce wannan aikin Egun da Ilaje ne da mutanen Gana, shi kallo nasa.

Wajen kamun ma haka. Kifin can da motsin ruwa yake ci, in ruwa ya tsaya cik tsakanin cika da janyewa ka zauna ka ci garinka kawai. In ya fara ja sai ka tare bakin ƴan rafuffukan da ke fitowa daga dajin bakin ruwa, duk ƙananan kifi da jatan lande da ƙaguwa ta nan za su biyo, manya kuma na jiransu. Gindin ginshiƙan gadar Third Mainland ma kifi na laɓewa amma wurin na cin raga. In ka hangi tsuntsaye na faɗawa ruwa wuri ɗaya to garken bonga ne ke ƙasa, kifin nan mai ƙaya da ake kawo mana busasshe. Da damina kuma da gishiri ya ragu kifin teku ya ja baya, sai ka koma neman irin namu. Hanyar manyan jirage ba a shimfiɗa raga, kuma inda masu haƙar yashi suka yi rami sai ka yi hankali, kana tafe da gora tana taɓa ƙasa kwatsam ka ji babu.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar masu wuri. Ya ce za ka ga an kakkafa rassan itace cikin ruwa an yi kamar shinge, akaja suke ce masa, kifi ke shiga ya hayayyafa mai shi ya zo ya kewaye da raga bayan watanni. Gonar mutum ce, ka jefa birgi ciki, wato ragar jifa, ka ja wa kanka da duk Hausawan wurin fitina. Kowace mashiga da masu ita da shugabansu, sai ka gaida su an san da kai kafin ka ɗaure jirgi. Wannan kam bai ba ni mamaki ba, mu ma nan wa zai shiga ruwan wani gari bai ga Sarkin Ruwa ba, ko Argungu ai sai an ba da izini ake faɗawa Matan Fada. Damuwata ita ce ƙanena akwai zafin kai, kuma ko Yarbanci bai iya ba balle Egun. Jefa birgi dai ya iya ba ƙarya, amma bakinsa nake ji.

Muka sayi tarwaɗa wajen masuntan, Kawu ya tsaya ciniki kamar ba ɗan sana'a ba har suka ce haba Malam kai ma ka san wahalar. A hanya mashin ya yi faci wajen Dundaye muka tura har wurin mai faci, rana ta gasa mu yadda ya kamata.

Bayan la'asar aka zauna tsakar gida ana cin farfesun, Inna ta ce to ya ake ciki. Kawu ya ce zai tafi da shi amma da sharaɗi, wata uku na farko ba zai riƙe inji ba ba zai jefa raga ba, aikinsa kwalfe ruwa daga jirgi da rubuta lokacin cika da janyewa kullum a littafi, kuma rigar ruwa dole ko ya iya iyo ko bai iya ba. Yaron ya ɓata rai ya ce shi da ake yabo Kwalkwalawa shi ne zai koma kwalfe ruwa, Baba ya ce in bai yi maka ba ga shagon yayanka nan. Shiru ya yi, ɗazu kuma na gan shi yana tambayar Kawu yau nawa ga wata.

Laraba za su tafi in Allah ya kai mu. Kuɗin motarsa a kaina ya faɗo, kuma gobe sai na shiga kasuwa in nemo masa ledar nan da ake sa waya don ruwa, don wayar da ke hannunsa tawa ce na ara masa.