Wasannin Windows a kan Linux

Yawancin kamfanonin da ke ƙera wasannin kwamfuta Windows kaɗai suke yi wa tanadi, don haka mai amfani da Linux, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta kamar Windows, dole ya nemi wata hanya. Hanyar da na fi dogara da ita ita ce Proton, manhajar da ke sa wasannin Windows su yi aiki a Linux, wadda kamfanin Valve ya fitar a 2018 bisa tubalin Wine, manhajar da aka fara tun 1993. Wine ba ta kwaikwayon kwamfuta sukutum. Abin da take yi shi ne karɓar buƙatun da wasa ke aika wa Windows ta mayar da su umarnin da Linux ke fahimta, yayin da DXVK, wata manhaja da ke cikin Proton, ke juya umarnin zane na Direct3D, tsarin zane na Windows, zuwa Vulkan, tsarin da Linux ke fahimta, shi ya sa saurin wasa ba ya raguwa sosai. Fitowar Steam Deck, na'urar wasa ta hannu ta Valve mai aiki da Linux, a 2022 ta ƙara wa wannan aiki ƙarfi.

Inda gizo ke saƙa shi ne manhajojin hana maguɗi da ke shiga can cikin ƙashin bayan Windows. Wasan Valorant, alal misali, ba ya tashi a Linux saboda irin wannan manhaja, kuma wannan yana damuna ƙwarai, domin babu gyaran da ɗan wasa zai iya yi da kansa.