Ziyara zuwa kabarin Sarki Ai a Xianyang

Daga Xi'an zuwa Xianyang, a ƙasar Sin, tafiya ce ta ƙasa da sa'a guda a mota, kuma da zarar an haye kogin Wei sai a fara hango manyan tuddan ƙasa a jere, waɗanda a ƙarƙashinsu aka binne tara daga cikin sarakuna goma sha ɗaya na daular Han ta Yamma. Tafintata, wata ɗalibar jami'a, ita ta nace mu ratse zuwa Yiling, kabarin Sarki Ai, wanda ya hau gadon sarauta a shekara ta 7 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rasu bayan shekara shida yana matashi.

Babu wani abin kallo a wurin sai tudun da gonakin da suka kewaye shi. Abin da ya ja ta can shi ne labarin Dong Xian, saurayin da sarkin ya ƙallafa wa rai har ya naɗa shi shugaban rundunar ƙasa yana ɗan shekara 22. Tarihin daular ya ruwaito cewa wata rana Dong Xian ya yi barci a kan hannun rigar sarki, shi kuwa da ya so tashi sai ya yanke hannun rigar don kada ya tashe shi. Sarkin ya ma sa an gina wa Dong Xian kabari kusa da nasa, amma ba a binne shi a ciki ba, domin da sarkin ya rasu wani babban bafade mai suna Wang Mang ya tuɓe shi, shi da matarsa suka kashe kansu, sannan aka tono gawarsa aka turbuɗe ta a gidan yari.

A hanyar komawa ta nuna mini a wayarta irin littattafan da ake kira danmei, labaran soyayya tsakanin namiji da namiji waɗanda mata ne suka fi rubutawa da karantawa, musamman a dandalin intanet na Jinjiang. Yawancin waɗanda ta fi so, in ji ta, salonsu ɗaya: masoya sun rabu cikin bala'i a wata tsohuwar fada, sai a sake haifarsu a wani zamani, ɗaya ya sha romon mantuwa na tsohuwa Meng Po, wadda a almarar Sin take shayar da matattu shi kafin a sake haifarsu, ɗayan kuwa yana tuna komai. A ganina marubutan gyara suke yi wa tarihi, suna ba irin su Dong Xian ƙarshen da Wang Mang ya hana su. Sana'ar kuma tana da haɗari, don a 2018 kotu ta ɗaure wata marubuciya mai laƙabin Tianyi shekara goma.

Na tambaye ta ko akwai wanda ya taɓa dawo da matar Dong Xian duniya a cikin waɗannan labarai, tun da ita ma ta mutu a wannan rikici. Ta yi dariya, ta ce ita dai ba ta taɓa cin karo da shi ba.