Dogon hutu a gidan marayu a Kano

Da aka ba mu dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, sai na kama hanyar Kano daga Zariya. Damina ta zauna sosai, shinkafar Kadawa da Kura ta yi kore shar. Kafin azahar mun sauka a Unguwa Uku, na hau adaidaita sahu, don tun 2013 aka hana acaɓa a birnin. Na biya ta Kasuwar Singa na sayi sabulu da omo da man shafawa, kamar yadda shugabar gidan ta ce mini a waya. Shinkafa da mai suna samu da azumi, in ji ta, kayan wanka ne ke saurin yanke musu.

Ni malamar firamare ce, don haka karatu da lissafi na zo koyarwa. Wata dattijuwa mai kula da ƙananan, wadda kowa ke kira Iya, ta karɓe ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Abu ɗaya nake roƙonki: in kin san ba za ki dawo ba, kada ki ce musu za ki dawo."

Hutu ya fi kowane lokaci yi wa yaran nan nauyi. Da an rufe makaranta 'yan ajinsu sun watse, wannan ya tafi wurin kakarsa a Gwarzo, wancan Bichi, su kuwa suna nan a tsakar gida ɗaya daga safe har magariba. Baƙi sun fi zuwa da Sallah, a sauke buhuna, a ɗauki hoto, mota ta tashi. Ban raina wannan alheri ba, abinci ne ke shiga cikin yara. Amma fuskokinsu da ake bazawa a Facebook na damuna ƙwarai, domin yaron nan zai girma ya gani.

Akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba. Ta haddace daga Nasi har Sabbi, ba ta ko tuntuɓe, amma in aka miƙa mata littafin boko sai ta sunkuyar da kai ta yi gum. A aji ba ta ce mini uffan ba. Ranar da na zaunar da ita ina mata kitso ne bakinta ya buɗe. Ina tsaga da kibiya, ita kuma tana zana haruffa a ƙasa da tsinke tana tambayata, "Anti, wannan fa?" Kafin in gama shukun ta rubuta sunanta daidai.

Da izinin ofis muka kai manyansu Dutsen Dala. Suka riga mu hawa da gudu, mu muna haki a kan matakala. Daga sama ga Goron Dutse, ga rufin gidajen cikin gari, ga hasumiyoyin Masallacin Juma'a. Na ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, suka yi tsit. Abin da ya tsaya mini a rai, a Kano aka raini yawancinsu, amma ba su taɓa hawa dutsen ba. Daga nan muka zarce Gidan Makama, suka ji tarihin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A hanyar komawa na saya musu gurasa bandasho, suna ci suna gardamar wa ya fara kaiwa ƙololuwa, har hadari ya haɗo direba ya ƙara wuta.