Kawu na son a yi mishi hotokopin saniya

Satin da ya wuce na tahi Tawa gaida gida, na iske Kawu ba ya cikin walwala. Saniyarshi Azawak da yake ji da ita ce ta kwanta ta kasa tashi, dole anka sa mata wuƙa anka raba naman. Da dare muna shan shayi ƙohwar gida sai ya juyo ya ce mini, "Kai da ka yi lakkol, wai gaskiya ne nasaru na yin hotokopin bisashe? Da na sani da an cire mini guda." Yara sunka hwashe da dariya, ni ko ban yi ba, don abin akwai shi, kulonaji ake ce mishi.

Na ce Kawu ku saurara. Jikin kowace dabba ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, cikin ƙwayar kuma akwai wata 'yar cibiya mai ɗauke da ADN, rubutun da ke cewa ga launi ga ƙaho ga tsawo. Haihuwar da munka sani rabin rubutun na uba ne rabi na uwa. Su kuma masu kulonaji sai su ɗauki ƙwan mace su zuƙe cibiyarshi ya koma kamar kango, su kawo ƙwaya daga jikin dabbar da ake so su haɗa su da ɗan lantarki, in Allah ya sa ƙwan ya hwara rabuwa biyu huɗu takwas sai a sa shi mahaihwar wata dabba ta ɗauki cikin.

Haka anka yi tunkiyar nan Dolly a cibiyar Roslin ta Sikotilan, aikin su Ian Wilmut, anka haihe ta 5 ga Yuli 1996. Ƙwayar daga hantsar wata tunkiya mai shekara 6 anka ɗauko ta, mai hwarar huska, wadda ta ɗauki cikin kuma baƙar huska gare ta, da Dolly ta hito da hwarar huska aka san ba gadon mai cikin ba ne. Kawu ya ajiye kohi ya ce "To ragon hwa?" Na ce babu rago ko guda cikin maganar. Ya ce subhanallahi. Amma abin da ba a cika gaya ma mutane ba, ƙwai 277 sunka haɗa kahin a samu ita guda ɗin nan. Ta haihi 'ya'ya 6, ciwon huhu ya kama ta anka kashe ta 2003. Raƙumi ma an yi, a Dubai 2009, taguwa ce mai suna Injaz.

Ni abin da ke ba ni dariya, Kawu da kanshi ya daɗe yana kulonaji bai sani ba. Rogon da ke garkarshi ai ba iri yake shukawa ba, karan yake sarawa ya dasa, kuma kowane gindi kwahin uwarshi ne sak. Haka rake, haka ayaba, haka 'ya'yan dabino da ake cirewa gindin uwa. Cikin mutane ma Hassan da Usaini masu kama ɗaya ƙwai guda ne ya rabu biyu, rubutunsu ɗaya. Kuma wa bai san tagwayen da ɗaya ke da haƙuri ɗaya kamar wuta ba?

Nan ne maganar hotokopi ke rushewa. Abin da za a ba ka ɗan tagwaye ne da ya makara zuwa duniya, jariri, bai san ka ba bai san hanyar rijiya ba. A Amurka 2001 sun yi ma wata kyanwa, wadda ta hito ko launin gashinta bai zo ɗaya da na ta asalin ba. Saniyar Kawu da ke gane takunshi tun daga nesa, shekarun da ya yi yana ba ta dusa da kanwa da hannunshi ne sunka sa haka, wanga kam ba ya cikin ADN. Kuma ni ko da araha ne ba ni son in ga garke duka kwahin saniya guda, ciwon da ya iya ɗaya ya iya dukansu, haka wata cuta ta share gonakin ayabar Gros Michel a shekarun 1950.

Kawu ya yi shiru can ya ce "Ƙwai nawa ka ce?" Na ce 277. Ya leƙa wajen turke inda karsanar da ta bari ke tuƙa, ya ce shi kam bijimin maƙwabci ya hi mishi sauƙi, a zuba na ukku.