Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar maigidana

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, mun dawo daga Indiya, kuma hoton PET (hoton asibiti mai gano daji a jiki) na ƙarshe da aka ɗauki maigidana bai nuna alamar ciwon dajin ba. Likitoci sun ce za a ci gaba da sa ido, amma yau yana cin abincinsa, yana zagaya tsakar gida da ƙafarsa.

Da yawanku kun ba da dukiyarku ba ku tambayi me za a yi da ita ba, saboda haka haƙƙinku ne ku ji. Ciwonsa wani nau'in limfoma ne, dajin da ke kama ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira B. Da kaluluwa a wuya ya fara, sai zufar dare da rama. An yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, a nan gida, ya lafa, daga baya ya dawo. Sannan likitansa ya ambaci CAR-T, maganin da ake yi da ƙwayoyin garkuwar jikin mara lafiyan da kansa. Amurka ta amince da shi ga manya masu irin wannan ciwo tun 2017, sai dai kuɗinsa a can ya haura dala 370,000. Indiya ta amince da nata, NexCAR19, a Oktoban 2023, kuɗinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan. Ko hakan ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba.

Daga jininsa aka yi maganin. Aka haɗa shi da na'ura, jini yana fita ta hannu ɗaya yana komawa ta ɗayan, tana tace wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T. Aka kai su ɗakin gwaji aka sauya su yadda za su gane wata alama, CD19, da ke jikin ƙwayoyin dajin, aka hayayyafa su. Bayan makonni aka yi masa ɗan kemo na share fage, aka mayar masa da su a 'yar jakar da ba ta kai ledar ruwa ba.

Abin da ya biyo baya ne ya girgiza ni, duk da an gargaɗe mu. Zazzaɓi mai zafi, bugun jininsa ya yi ƙasa, aka ce ƙwayoyin ne suka kama yaƙi, garkuwar jikin ta yi tashin da ya wuce kima. Aka sa masa tocilizumab, maganin da ke kwantar da wannan tashin. Kullum nas takan miƙa masa biro ya rubuta jimla guda, ta sa shi ƙirga daga ɗari zuwa ƙasa goma-goma, don a gane ko abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wata safiya Malam, mutumin da ke rubuta allo wa yara, ya riƙe biron yana kallona, rubutun ya karkace. Nas ɗin ba ta bar bakin gadon ba har aka fara masa magani. Ban iya yarenta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Yaya, gonar da ka sayar ba ka ko shawarci kowa ba, Allah Ya musanya maka da mafificiya. Hajiya, kin riƙe mana yara, kin ɓoye musu kukanki. Jama'ar masallacin unguwa da abokan Malam na kasuwa, tarinku ne ya biya jirgi da masauki. Ɗalibanmu Hausawa da ke karatu a can, ku kuka yi mana tafinta, kuka kawo mana kunu asibiti. Likitanmu na gida, wanda ya dage a yanki kaluluwar a gwada lokacin da ake ta cewa tarin fuka ne, Allah Ya yi wa zuri'arka albarka.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Maganin yana kashe ƙwayoyin B masu lafiya tare da marasa lafiya, don haka garkuwarsa ba ta da ƙarfi tukuna. Masu zuwa dubiya ku yi mana uzuri in mun taƙaita, mai mura ko tari kuma ya bugo waya, Malam zai ɗauka da kansa. Akwai wani hoton a gaba, ku ci gaba da sa mu a addu'a. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.