Yadda na naɗi tarihin Bees daga bakin tsoffin 'yan kallon Kaduna

Duk majalisar da ka tarar a Tudun Wada ko Kakuri, in dai akwai mai furfura a ciki, ka ambaci kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Ranchers Bees ka ja bakinka ka yi shiru. Hirar da ake yi ta mutu ke nan, an shiga wata. Wannan ne ya sa na ɗauki aikin naɗar muryoyin tsoffin magoya bayan kulob ɗin, kuma inda hali ya yi na haɗa da ɗa da jika daga gida guda, don a ji yadda son ƙwallo ke sauya kama daga tsara zuwa tsara. Aikin ya fi yadda na zata wuya, kuma yawancin wuyar daga kurakuran da ake iya kauce musu ta fito.

Kuskuren farko shi ne naɗa a majalisa. Nan hira ta fi daɗi, amma nan naɗi ya fi lalacewa. Mutum shida na magana lokaci guda, mai shayi na kaɗa cokali a kofi, Keke Napep na wucewa, janareton maƙwabci na ruri. Ka koma gida ka saurara, ba ka san wa ya ce me ba. Akwai kuma wata illa da ta fi hayaniya: a kowace majalisa akwai wanda aka sallama wa zancen ƙwallo, in ya ce shekara kaza aka yi wasa kaza, sauran sai su bi shi, har wanda ya san ba haka ba ne, saboda kunya ko gudun musu da babba. Sai ka tashi da labarin mutum ɗaya a bakin mutum shida. Abin da ya yi mini aiki shi ne zama da kowa shi kaɗai tukuna, a zaure ko falonsa, sannan daga baya a yi zaman haɗaka in an ga dama. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi, ko tsakanin La'asar da Magariba. Minti arba'in zuwa hamsin ya isa zama ɗaya. Ya wuce haka dattijo ya gaji, ya fara maimaita abin da ya riga ya faɗa. Zama biyu gajeru sun fi ɗaya dogo, domin tsakanin na farko da na biyu yakan kwana yana tuno abubuwa, wani lokaci har ya kira tsohon aboki ya tambaya.

Kayan aiki ba su da yawa. Waya ta isa, amma a kashe layinta gaba ɗaya, don kira ɗaya yana iya yanke naɗin ba ka sani ba. Kada a ajiye ta kan tebur tsirara, duk wanda ya dangwarar da kofi ko ya buga hannu sai ƙarar ta shiga. A shimfiɗa hankici ko hula a ɗora ta a kai, bakin makirufo na kallon mai magana, tazarar kamu biyu. Fanka babbar abokiyar gaba ce: kunne ba ya damuwa da ita a ɗaki, amma a naɗi sai ka ji kamar ana ruwan sama. A roƙi a kashe ta ko a juya ta. Awa ɗaya ta murya takan ci wajen megabait 60, saboda haka wuri ba matsala ba ne, caji ne matsala. Kafin a fara, nakan faɗi ranar da unguwar da bakina a cikin naɗin, in yi gwajin daƙiƙa goma in saurara.

Tambaya ita ce rabin aikin. In ka ce, "Baba, ba mu tarihin Ranchers," za ka sami jawabin da ya saba yi: da can ƙwallo ƙwallo ce, yaran yanzu kuɗi suke bi. Gaskiyarsa ce, amma babu abin ajiyewa a ciki. Tambayar da ke buɗe baki ƙarama ce. "Baba, ta wace ƙofa kuke shiga?" "Wa ya fara kai ku fili?" "A wane gefe kuke zama, rana na dukan ku ko tana bayanku?" "In an tashi, da ƙafa kuke komawa ko a mota?" Daga tambayar ƙofa kaɗai sai ka ji yadda yaro marar kuɗin tikiti ke riƙe wa babba hannu ya shige a matsayin ɗansa, da yadda wasu ke jira a buɗe ƙofa gab da tashi su kalli ragowar mintuna kyauta. Kada ka taɓa sa shekara a bakin mutum. In ka ce "a 1988 ne ko?" zai ce e don ya girmama ka. Ka tambaye shi me yake yi a rayuwa lokacin: ya yi aure ko bai yi ba, yana masaƙa ko ya bari, wa ke mulki. Da wannan za ka ƙirga shekarar da kanka.

A nan ne na gane dole in riƙe ƙashin bayan tarihin a takarda kafin in je wurin kowa, ba don in gyara wa dattijo zance ba, sai don in san inda ya karkace. Ga abin da ke takardar. Kulob ɗin ya fara ne da sunan DIC Bees, na kamfanin ƙera makamai da ke Kakuri, kafin ya koma hannun Alhaji Muktar Aruwa ya zama Ranchers Bees. A 1983, yana DIC Bees, ya kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na ƙasa, Rangers ta Inugu ta doke shi a bugun fenariti. A 1987, yana Ranchers, ya sake kaiwa, Abiola Babes ta ɗauke kofin, nan ma a fenariti. A 1988 ya kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta kulob-kulob masu riƙe da kofin ƙasarsu, Bizertin ta Tunisiya ta yi nasara da ci ɗaya tilo a wasa biyu. A 1989 ya ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma a hannun ASEC ta Abijan.

Dubi yadda waɗannan huɗun suke, za ka ga inda ƙwaƙwalwa za ta yi tuntuɓe. Wasan ƙarshe biyu na gida, duka an faɗi a fenariti, shekara huɗu tsakani. A bakin mutane da yawa sun narke sun zama wasa ɗaya: abokin karawar na 1983, 'yan wasan na 1987. Hanyar rabewa mai sauƙi ita ce ka tambaya wane suna ake kiran kulob ɗin a ranar. In ya ce DIC, ka san inda kake. Haka 1988 da 1989, shekara ɗaya an faɗi, ta gaba an ɗauka, sai ka ji mutum ya rantse an kawo kofin Afirka Kaduna. An kawo kofi kam, amma na yankin Yamma ne. Ba ƙarya yake yi ba, murnar ta biyu ce ta rufe baƙin cikin ta farko.

Sunayen 'yan wasa sun fi shekaru ruɗani, domin duk wanda ya yi suna daga Kaduna, ƙwaƙwalwa na so ta sa masa rigar Bees. Rashidi Yekini haifaffen Kaduna ne, amma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara, daga nan ya tafi Shooting Stars ta Ibadan. Daniel Amokachi shi ya yi Ranchers da gaske, daga nan ya wuce Club Brugge ta Beljiyam a 1990. Sai dai an haife shi a ƙarshen 1972, don haka duk wanda ya sa shi cikin wasan 1983 ya sa yaron da bai cika shekara 11 ba. Irin wannan lissafi na shekarar haihuwa shi ne matacin da ya fi kowane saurin aiki. In na ji kuskure ba na katse mai magana. Gyara wa dattijo zance a gaban 'ya'yansa rashin ladabi ne, kuma daga nan bakinsa ya rufe. Nakan sa alama a littafina, a zama na biyu in ce, "Baba, wani ya ce mini kaza, ku yaya kuka gani?" Sau da yawa shi da kansa yake warwarewa. Abin da ya ƙi warwaruwa sai a kai shi ga tsoffin jaridu, musamman shafin wasanni na New Nigerian, tunda a Kaduna ake buga ta a wancan lokacin. Garin na da Gidan Arewa da reshen ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, wuraren da mai neman tsohuwar takarda ke fara dubawa.

Amma fa kada wannan ya sa a raina abin da suka riƙe. Inda jarida ba ta da komai, nan suka fi ƙarfi. Jarida za ta ba ka ci nawa aka tashi, ba za ta gaya maka yadda ake karo-karo a ɗauki hayar bas zuwa wasan waje ba, da wanda ake damƙa wa kuɗin, da dalilin da ya sa ake ajiye motar nesa da fili, gabanta na kallon hanyar gida, direba na ciki. Ba za ta gaya maka cewa a filin wasu ba a sa rigar kulob sai an zauna an ga yanayi, ko cewa in ka ci masu gida ba a tsayawa murna. Ba za ta kawo maka waƙoƙin da ake yi da kalangu ba, da laƙabin da 'yan kallo suka raɗa wa gola ko lamba tara. Waƙar nan in ta zo, a roƙi mutum ya rera ta, kada ya faɗe ta da baki kawai. Zai ce muryarsa ta tafi, a ɗan matsa masa cikin raha. Wanda ya fara rerawa yakan tuno baiti biyu ko uku da shi kansa bai san yana riƙe da su ba.

Tsara ta tsakiya, masu shekara arba'in zuwa hamsin, labarinsu ya rabu biyu. Sun ga ƙarshen zamanin Bees suna yara, sannan hankalinsu ya koma kan 'yan Kaduna a rigar ƙasa: ƙwallon Yekini a ragar Bulgeriya a 1994, wadda ita ce ta farko da Najeriya ta ci a Kofin Duniya, da zinaren Atlanta na 1996, inda Celestine Babayaro da Amokachi duk suka ci a wasan ƙarshe da Ajantina, Tijjani Babangida da Garba Lawal na cikin tawagar. Su ne kuma suka cika filin Ahmadu Bello lokacin gasar matasa ta duniya a 1999. Da su nakan tambayi ranar da suka fara bin kulob na Turai da dalili. Amsar kusan kullum sunan mutum ce, ba sunan gari ba: Babayaro ya je Chelsea a 1997, Kanu ya je Arsenal a 1999, aka bi su, suka tashi aka zauna. Su ne kuma suka fi riƙe 2010, shekarar da Kaduna United ta doke Enyimba a fenariti a Kano ta ɗauki kofin da Bees ta kai bakin ƙofarsa sau biyu. Ka tambayi tsohon ɗan Bees ko ya yi murna ranar, ka saurari tsawon shirun da zai yi kafin ya amsa.

Jikoki kuwa 'yan gidan kallo ne, kuma kada a zaunar da su gaban kakansu a zaman farko, ba za su ce uffan ba. A same su daban. Daga baya, in za a yi zaman haɗaka, a ba jikan aikin yin tambaya. Na lura dattijo ya fi sakin jiki ya yi bayani dalla-dalla in jikansa ne ya ce, "Kaka, wai da gaske babu allon da ke nuna maimaici?" fiye da in baƙo ne ya tambaya.

Hotuna da tsoffin tikiti sukan fito a zama na biyu, kuma galibi uwargida ce ta san akwatin da suke. Kada a karɓa a tafi da su, ko da an ce ka je ka dawo da su. Hoto ɗaya ya ɓace a hannunka, ƙofar gidan da ta maƙwabta ta rufu. A ɗauka da waya nan take, a inuwa kusa da ƙofa, ba tare da fitilar kyamara ba don tana sa ƙyalli. A ɗauki gaba a ɗauki baya, domin bayan hoto ne ke ɗauke da hatimin mai hoto, wani lokaci da kwanan wata. Wanda ya manne da ledar albam a bar shi a ciki, ɓamɓarowa na ɗebe fuskar hoton. Sannan a kunna naɗi, mai hoton ya bi mutanen ciki daga hagu zuwa dama yana faɗin su wane ne.

Rubutawa ita ce inda aiki ke taruwa ya danne mutum. Awa ɗaya ta murya tana cin awa huɗu zuwa biyar kafin ta koma takarda. Na bar naɗi ya taru a farko, da na dawo kansa na kasa tuna wane "shi" ake nufi a wurare da dama. Yanzu ba na yin sabon zama sai na rubuta na baya, cikin kwana uku. Ina rubutawa yadda aka faɗa, da Hausar mai maganar, gyaran shekara ko suna kuma in sa shi a gefe da alamar cewa nawa ne. Sunan kowane fayil yana ɗauke da kwanan wata da unguwa da lambar da na ba mutumin, sunansa na gaskiya yana littafi daban. Izini ma a cikin naɗin nake neman sa, a farko, da tambaya biyu: ya yarda a ajiye, ya kuma yarda wasu su ji? Akwai wanda zai yarda da ta farko ya ƙi ta biyu, musamman in zancen ya taɓo rigima da alƙalin wasa ko wani da ke raye. Kwafi uku nake yi, ɗaya a waya, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a katin ajiya da nake miƙa wa iyalin, a hannun ɗan da ya fi kula da kayan gidan.